An taya dala miliyan 4.8 mai ita ya ce albarka: yaya ake yi wa tsohuwar motar ƙwanji ta Amurka kuɗi?

A watan Mayun 2021, a gwanjon da kamfanin Mecum ke yi duk shekara a birnin Indianapolis na Amurka, an turo wata mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda irinta da aka ƙera ba su wuce 12 ba, gaban masu saye. Aka yi ta tayi har ya kai dala miliyan 4.8, biliyoyin naira ke nan a canjin yau. Mai mota ya ce albarka, aka mayar da ita gida.

Duk lokacin da labari irin wannan ya zagayo shafukan sada zumunta, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: motar da ta shekara 50, ga shan mai, babu ko na'urar sanyi a cikinta, wa ya yanka mata wannan kuɗi, kuma da wane ma'auni? Wasu su ce haukan masu kuɗi ne kawai. Wasu kuma su ɗauka cewa duk tsohuwar mota dukiya ce a kwance. Duka biyun sun kauce hanya. Akwai ma'auni, ana iya koyon sa, kuma mafi yawansa yana komawa ne ga abin da mai mota zai iya kafa wa hujja.

Wace ce motar ƙwanji?

Mota ce ta Amurka mai ƙofa biyu, matsakaiciyar jiki, wadda aka ɗora wa babban inji mai silinda takwas, aka sayar da ita a farashin da matashi mai albashi zai iya biya. Galibi ana fara lissafin zamaninsu daga 1964, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa a kamfanin Pontiac suka sa inji mai lita 6.4 a cikin ƙaramar motarsu, suka raɗa mata suna GTO. A shekarar farko an sayar da fiye da 32,000. Ganin haka sai Ford da Chevrolet da Dodge da Plymouth suka shigo fagen, kowa na neman ya fi ɗan'uwansa ƙarfin inji.

Zamanin bai yi tsawon rai ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa masu irin waɗannan motoci kuɗi, dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, sannan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973 ya ƙarasa abin da ya rage. Shekara goma ba ta cika ba aka rufe babin. Wannan gajartar zamani ita ce tushen tsadar yau, domin abin da aka ƙera an ƙera, ba za a ƙara ko guda ba.

Me ya sa ba su wuce 12 ba?

Injin Hemi na kamfanin Chrysler, wanda ke ƙera Plymouth da Dodge, mai lita 7, da kafireto biyu da ƙarfin doki 425 a rubuce, an yi shi ne asali don tsere. An sayar wa jama'a shi daga 1966 zuwa 1971. Wanda ya zaɓe shi a kan 'Cuda sai ya ƙara kusan dala 900 a kan motar da kuɗinta bai wuce dala dubu uku da 'yan ɗaruruwa ba, wato ƙarin kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga garanti gajere, ga inshora mai tsada, ga inji mai son hannun makanike a kai a kai.

To, masu sayen Hemi 'yan tsere ne, su kuwa mota mai rufin ƙarfe suke so, domin mai rufin tamfol da ake naɗewa ta fi nauyi kuma jikinta na murɗewa idan aka taka ta da ƙarfi. Masu son buɗaɗɗen rufi kuma 'yan shan iska ne, ba ruwansu da injin tsere. Waɗanda suka haɗa biyun a 1971 ba su da yawa ko kaɗan: masana na ƙidaya 11, wasu 12, idan aka haɗa da waɗanda aka fitar waje. Uku ne kawai a ciki suke da giyar hannu mai huɗu. Wadda aka yi wa tayin miliyan 4.8 tana cikin ukun, kuma Faransa aka kai ta tun tana sabuwa.

A lura da wani abu a nan. Ƙarancin nan ya samo asali ne daga rashin kasuwa. Mutane ne suka ƙi saya a lokacin. Haka ta faru da Plymouth Superbird ta 1970, mai dogon hanci da fiffike a baya, wadda ta yi kwantai a wajen dillalai. Amma ƙaranci shi kaɗai ba ya sa tsada. Akwai motocin wancan zamani da aka ƙera 'yan ƙalilan, masu ƙaramin inji da launin da ba wanda yake so, kuma har yau ba mai neman su. Sai ƙaranci ya gamu da sha'awa: babban inji, kyan sura, da suna a bakin mutane. 'Cuda ta 1971 ta haɗa duka, kuma ita kaɗai ce shekarar da aka yi mata fitilu huɗu a gaba, ga shi a shekarar aka daina injin Hemi ɗin.

Lambobi da takardu: inda kuɗin yake

Nan ne aikin mai ƙimantawa ya fi nauyi, kuma nan ne masu kallo daga nesa ba sa gani.

Jikin Barracuda mai arha, wato motar Plymouth da aka samo 'Cuda daga gare ta, da jikin Hemi 'Cuda kusan ɗaya ne a ido. Ƙwararren makanike zai iya samun jikin mai arha, ya ɗora mata injin Hemi, ya sa bonet mai rami da tambura da fenti mai ɗaukar ido, ta fito sak. Irin wannan kwaikwayo halal ne a kasuwa matuƙar an faɗi gaskiya, kuma yana da masu sayensa, sai dai kuɗinsa ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin ta ainihi. Tunda tazarar ta kai miliyoyi, dole a samu masu son su ɓoye gaskiyar.

Abin da ake fara dubawa shi ne lambar shasi da ke kan dashbod. A motocin Chrysler na wancan lokaci lambar tana magana. Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1971 tana farawa da BS27R1B: BS na nufin 'Cuda, 27 buɗaɗɗen rufi, R injin Hemi, 1 shekarar 1971, B kuma masana'antar Hamtramck da ke Michigan. Harafin R ɗin nan shi kaɗai ya raba motar miliyoyi da motar dubbai. Saboda haka ba a tsayawa a kansa. Akwai wani ɗan faranti na ƙarfe a ƙarƙashin bonet da aka buga wa lambobin fenti, kujeru, giya da ranar da aka tsara haɗa motar. An kuma buga wani ɓangare na lambar shasin a jikin inji, da akwatin giya, da wasu wurare a jikin bodi. Idan duka suka dace, sai a ce lambobinta sun yi daidai, ma'ana da injin da ta fito da shi daga masana'anta take tafiya har yau.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga motar da aka saya don tsere. Da yawa sun fasa injinsu tun suna sababbi, aka sauya musu wani. Motar da ke ɗauke da injin Hemi na gaske amma ba nata na asali ba, kuɗinta na sauka sosai, ko da ba wanda zai ji bambanci a tuƙi. Mai ƙimantawa yakan bi har ranakun da aka zuba ƙarfen inji da na sauran sassa, domin dole su riga ranar haɗa motar da ɗan lokaci. Injin da aka zuba bayan motar ta bar masana'anta ya tona asirin kansa. Yakan kuma duba siffar haruffan da aka buga da zurfinsu, saboda masu jabu na goge tsohuwar lamba su buga sabuwa.

Sai takarda. Ma'aikatan masana'anta kan cusa takardar umarnin haɗa mota a cikin wayoyin kujera, ko ƙarƙashin kafet, ba don tarihi ba, don kawai su rabu da ita. Yau wannan yagaggiyar takarda mai dattin shekara 50 tana iya ƙara wa mota kuɗin da ya fi na sabuwar mota. Dalili kuwa shi ne kundin Chrysler na bayanan kowace mota ya tsaya ne a 1967, ba inda za ka rubuta a tabbatar maka da ta 1971. Shi ya sa kasuwar ta dogara da mutane irin su Galen Govier, wanda ya shafe shekaru yana tattara lambobin motocin Chrysler, har rahotonsa ya zama abin da masu saye ke nema. Masu Ford sun fi sa'a, domin Kevin Marti na da lasisin bayanan kamfanin daga 1967, kuma da lambar shasi zai fitar maka da yadda motar ta fito. Masu Pontiac ma suna da inda suke samun takardun asali.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu Chevrolet Chevelle ta 1970 mai injin LS6, lita 7.4, ƙarfin doki 450. An ƙera 4,475, amma lambar shasinta ba ta nuna wane babban inji aka sa mata ba. Ba takarda, ba hujja. Masu harkar da kansu suna faɗin cewa masu ɗauke da wannan suna a yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa.

Akwai matsalar da ta fi wannan sarƙaƙiya. A ce tsatsa ta cinye mota ta gaske, aka sauya ƙasa, aka sauya ƙofofi da gefuna, har abin da ya rage na asali bai wuce farantin lamba da ɗan ƙarfen da yake manne a kai ba. Ita ce ko ba ita ba ce? Cire lambar shasi a liƙa wa wani jiki laifi ne a dokar Amurka, amma sauya ruɓaɓɓen ƙarfe gyara ne. Tsakanin biyun akwai fili mai faɗi da ake ta shari'a a kansa. A ganina duk mai ƙimantawar da bai shiga ƙarƙashin mota da fitila ya bi sawun walda ba, bai cancanci a biya shi ba.

Lafiyar jiki, da labarin da ke bin mota

Kamfanin inshora na Hagerty, wanda jadawalin farashinsa ya fi shahara a wannan harka, ya kasa lafiyar mota gida huɗu. Ta ɗaya ita ce wadda ba ta da aibi ko kaɗan, irin wadda ake kai wa gasa a cikin rufaffiyar tirela. Ta biyu kyakkyawa ce ƙwarai, sai ƙwararre ne zai ga makusarta. Ta uku lafiyayya ce da ake hawa. Ta huɗu tana tafiya amma aibinta a fili yake. Mota iri ɗaya, tazarar kuɗi tsakanin ta ɗaya da ta huɗu na iya ninkawa biyu ko fiye. Kuskuren da masu mota suka fi yi shi ne ɗora tasu a mataki na biyu alhali ta uku ce.

Sai dai sabon fenti ba kullum yake ƙara daraja ba. Motar da ba a taɓa gyara ta ba, da fentinta da kujerunta na masana'anta, tana da nata masoyan, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce: ana iya gyara mota sau goma, amma sau ɗaya take zama ta asali. A Mayun 2023 an sayar da wata baƙar Dodge Challenger ta 1970 mai injin Hemi, wadda ake wa laƙabi da Black Ghost, kan dala 1,072,500, da ƙurajen fentinta da komai. Mai ita na farko, Godfrey Qualls, ɗan sanda ne a Detroit, kuma labarin da ake bayarwa shi ne yakan fito da ita da dare ya cinye 'yan tseren titi ya ɓace. Motar ta zauna a hannun iyalinsa har ranar gwanjon.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne koriyar Ford Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. A Janairun 2020 an sayar da ita kan dala miliyan 3.74 a Kissimmee ta jihar Florida, da tsatsarta da lotsewarta. Irinta da ba ta fito a fim ba, ko da ta fi ta kyau, ba ta kai kashi goma cikin ɗari na wannan kuɗi. Saboda haka mai ƙimantawa mai hankali ba ya sa irin waɗannan cinikayya cikin lissafin sauran motoci. Abin da aka saya a can tarihi ne, kuma ba ya gadon wata mota.

Tayi daban, sallama daban

Bayan an san ko wace ce motar da kuma halin da take ciki, sai a nemo 'yan'uwanta da aka sayar kwanan nan a gwada. Ga motar da aka ƙera dubbai wannan abu ne mai sauƙi. Ga wadda ba ta wuce 12 ba, ciniki ɗaya kan ɗauki shekaru kafin a sake ganin wani. Dubi jerin Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1971: dala miliyan 2.42 a gwanjon RM a Arizona a 2007, miliyan 1.32 a Barrett-Jackson a 2013, miliyan 3.5 a Mecum a Seattle a watan Yunin 2014. Suna ɗaya, shekara ɗaya, amma motocin daban ne, tarihinsu daban, kuma kasuwar kowace rana daban. Ta Seattle mai giyar hannu ce da injinta na asali, shi ya sa ta yi wa sauran fintinkau. Tsakanin 2007 da 2013 kuma akwai durƙushewar tattalin arziki ta 2008, wadda ta bugi motocin ƙwanji sosai.

Dole kuma a san wace lamba ake karantawa. Akwai kuɗin da aka buga guduma a kansa, akwai la'adar da mai saye ke ƙarawa, wadda a manyan gwanjo takan kai kashi goma cikin ɗari. An buga wa Mustang ɗin fim guduma a miliyan 3.4, la'ada ta kai ta 3.74. Ta Seattle kuwa miliyan 3.5 kuɗin guduma ne, da la'ada ta zama 3.78. Shi ma mai sayarwa ana cire tasa la'adar, ga kuɗin rajista da jigila. Abin da ya fita daga aljihun mai saye da abin da ya shiga na mai sayarwa na iya bambanta da ɗaruruwan dubban daloli.

Yanzu mu koma ga miliyan 4.8. Wannan tayi ne, ba a sallama ba, ko sisi bai sauya hannu ba. Mai mota yakan ajiye wani farashi a asirce wanda ƙasa da shi ba zai sayar ba, kuma ƙa'idojin gwanjo da yawa a Amurka sun yarda mai kiran gwanjo ya riƙa ɗaga tayi a madadin mai kaya har zuwa dab da wannan farashi. Ma'ana, tayi mafi girma a cinikin da bai faɗa ba, ba lallai ne a ce akwai mutum riƙe da kuɗi a bayansa ba. Yana nuna abin da mai mota ya ƙi karɓa. Bai tabbatar da abin da kasuwa za ta biya ba. Jaridu da masu yaɗa bidiyo ba sa yin wannan bambanci, kuma daga nan yawancin ruɗanin yake tasowa.

Ƙima don wace buƙata?

Mota ɗaya na iya samun ƙima fiye da ɗaya a rana guda, kuma ba ƙarya a ciki. Ta inshora ita ce kuɗin da mai mota da kamfani suka amince tun farko za a biya idan ta ƙone ko aka sace ta, takan ɗan yi sama. Ta rabon gado ko haraji ita ce abin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai ba tare da matsi ba. Hukumar harajin Amurka ma tana neman rahoton ƙwararre ga kayan da aka bayar sadaka don neman rangwamen haraji, idan darajarsu ta haura dala 5,000. Ta dillali kuma ƙasa take, domin shi ma riba zai nema. Rahoto na gaskiya yana faɗin buƙatar da aka yi shi dominta, da ranar da aka yi shi, da cinikayyar da aka gwada da su. Ƙa'idar sana'ar a Amurka ta hana mai ƙimantawa ɗaura ladansa a kan yawan kuɗin da ya yanka, saboda dalilin da kowa zai gane.

Inda ake ja-in-ja

Masu kallon motocin a matsayin jari suna cewa adadi ba ya ƙaruwa, attajirai kuwa ƙaruwa suke, don haka na ƙololuwa ba za su faɗi ba. Suna nuna yadda kasuwar ta farfaɗo bayan 2008, da yadda ta yi tashin gwauron zabi a 2021 da 2022, lokacin da gwanjon intanet irin na Bring a Trailer ya jawo sababbin masu saye.

Masu ja da su suna duba shekarun masu sayen. Mafi yawan waɗanda suka ɗaga farashin nan Amurkawa ne da aka haifa tsakanin 1946 da 1964, waɗanda suka yi ƙuruciya suna kallon motocin ba su da kuɗin saye. Yanzu sun tsufa, tarin motocinsu na fitowa kasuwa, 'ya'yansu kuma da yawa motocin Japan da Jamus na shekarun 1980 da 1990 suke so. Plymouth kanta an rufe ta a 2001, Pontiac a 2010, akwai matasan da ba su taɓa ganin sabuwarsu ba.

Ni na fi karkata ga cewa kasuwar rabuwa take yi gida biyu. 'Yan ƙalilan masu cikakkiyar hujja za su ci gaba da samun masu nema. Na tsakiya, masu sauyayyen inji da takardu rabi da rabi, su ne za su ji jiki. Kuma mota ba ta haihuwa a gareji: inshora, ajiya da kulawa suna cin kuɗi duk shekara, gyaran da ake yi don kai mota gasa kuwa sau da yawa yakan lashe fiye da abin da zai ƙara mata.

Abin da ya shafi mai ƙaramin ƙarfi

A Amurka, waɗanda abin ya fi shafa su ne magada. Uba ya rasu ya bar tsohuwar mota a rumbu, iyali ba su san harafi na biyar a lambar shasi ba. Wasu a yi musu wayo a saye ta da arha. Wasu kuma su ga labarin miliyoyi a talabijin su ƙi tayi mai kyau, motar ta ci gaba da ruɓewa. Wasu su yi gaggawar yi mata fenti ko su zubar da tsofaffin takardun da ke cikinta, su rage mata daraja da hannunsu. Tsadar na sama ta kuma ja kayan gyara da motoci masu ƙananan inji, har matashin da aka ƙirƙiri motar dominsa tun asali ya koma ɗan kallo.

Ga mai karatu a nan gida, tambayar da takan biyo baya ita ce ta tsohuwar Peugeot 504 da ke ajiye a gidan kaka. Ma'aunin ɗaya ne, sakamakon ne daban: an ƙera 504 fiye da miliyan 3 a duniya, an kuma shafe shekaru ana haɗa ta a Kaduna, don haka tsufa kaɗai ba zai sa ta tsada ba, ko da yake mai tsafta da ba a yi wa sauye-sauye ba tana da masu sha'awarta. Wanda kuma aka yi wa tallar tsohuwar motar ƙwanji daga Amurka ta intanet ya sani cewa rahotannin tarihin mota irin na Carfax, da masu shigo da motoci suka saba dogara da su, suna aiki ne da lambar shasi mai haruffa 17, wadda aka fara a 1981. Motar 1971 lambarta 13 ce, ba za ta fito a can ba. Abin da zai maye gurbin rahoton shi ne hotunan lambobin inji da giya, farantin ƙarƙashin bonet, takardar masana'anta, da ƙwararre mai zaman kansa wanda mai saye ne ya ɗauke shi, ya je ya ga motar da idonsa kafin a tura kuɗi.